Ki sha bitamin D ɗin, amma kada ki ɗage IVF saboda shi

'Yar'uwa, kin ce gwajin bitamin D na jininki ya nuna 14, kina tambaya ko ki dakatar da dashen ciki na IVF (inda ake haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji, a dasa a mahaifa) har sai bitamin D ɗinki ya hau. Ni nawa 11 ne lokacin da muka fara. Na riƙe takardar ina ta mamaki, duk hasken ranar nan da muke gani, alhali shi ke sa fata ta haɗa bitamin D? Likita ta nuna bayan hannuna, ta ce fata mai duhu ba ta saurin haɗa shi, balle ga mai wuni a ɗaki ko ofis, kuma ƙiba ma tana ɓoye shi cikin kitse. A ma'aunin gwajin jini, ƙasa da 20 ng/ml ƙaranci ne, daga 30 ake cewa ya wadata.

Dashena na farko bai kama ba, sai na ɗora wa bitamin ɗin duk laifin, na duƙufa karatu kamar mai shirin jarabawa. Masana a Jami'ar Birmingham ta Ingila sun tattara bincike 11 kan mata 2,700, suka wallafa a 2018 cewa masu isasshen bitamin D sun fi samun haihuwa. Na ce to, ga ɓarawon! Ashe da sauran magana. A Italiya an raba mata 630 masu shirin IVF waɗanda nasu bai kai 30 ba gida biyu, rabi aka ba su IU 600,000 (IU shi ne ma'aunin yawan bitamin ɗin) sau ɗaya, rabi kuma aka ba su wanda babu magani a ciki. Da sakamakon ya fito a 2021, waɗanda suka sha ba su fi sauran ɗaukar ciki ba. Wataƙila masu isasshensa dama can sun fi lafiyar jiki ne.

Duk da haka ki gyara naki, don ƙashinki da na jaririn suna buƙatarsa. Ki riƙa sha da abinci mai ɗan maiƙo, ki sake gwaji bayan wata uku. Kada ki wuce IU 4,000 a rana sai likita ce ta rubuta, domin taruwa yake yi a jiki, ya ɗaga sinadarin kalsiyam har ya taɓa ƙoda.

Ɗagewar ce ban yarda da ita ba. Ba ki faɗi shekarunki ba, kuma su ne suka fi taɓa ingancin ƙwai, musamman bayan 35. Ni wata huɗu na ɓata ina jiran lamba ta kai 30, ina da shekara 37. Da likita ta ji dalilina sai ta ajiye biro, ta ce da na tambaye ta, da tare muka haɗa shan bitamin ɗin da alluran IVF.

Allah Ya ba ki mai albarka.