Tambayoyinku: Ciwon Ƙugu da Tuƙin Kwale-kwale na Gasa

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina atisayen tuƙin kwale-kwale na gasa. Da yake ruwa ya yi mana nisa, sai ƙarshen mako muke zuwa dam ɗin Tiga, sauran ranaku injin tuƙi nake ja a gidan motsa jiki, minti 45 zuwa awa ɗaya. Wata biyu ke nan ƙuguna yana riƙewa, har ruku'u sai na lallaɓa. Ban faɗa wa koci ba, kada ya ba wani gurbina. Ina mafita?
Wani matashi daga Gwale, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara sauƙi. Ciwon ƙugu shi ne kan gaba a koke-koken matuƙa na gasa, kuma wanda muka fi zargi a batunka shi ne injin. Wuce minti 30 a kansa ba hutu yana cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wannan ciwo. Ka lissafa: ja 20 a minti, cikin minti 45 ka lanƙwasa bayanka sau 900. Da gajiya ta shigo, maimakon jiki ya karkata gaba daga kwankwaso, sai ƙasan baya ya lanƙwashe waje kamar baka, nauyin ja ya sauka kan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ƙugu na ƙasa, wato L4, L5 da S1. Idan jijiyoyin bayan cinya sun sage, abin ya fi muni.

Ka raba atisayen gida biyu, minti 20 sau biyu, ka sauka ka miƙe na minti biyu ko uku a tsakani. Idan injin Concept2 ne, maɓallin iskar da ke gefe ka mayar da shi tsakanin 3 da 5. Samari suna son kai shi 10 don a ce da su gwanaye, alhali ko masu tseren mita 2,000 a gasar Olamfik ba a nan suke barinsa ba. Wajen ja kuma, ƙafa ce farko, sai baya, sai hannu. Wajen komawa, hannu, baya, sannan gwiwa. Ka sa wani ya ɗauke ka bidiyo daga gefe a minti na biyu da na ashirin, za ka ga inda bayan yake sakewa. Kada ka hau injin da tashinka daga barci, musamman da hunturu; bari a yi kamar awa ɗaya.

Kwanciya ba magani ba ce. Ka rage nauyi na mako biyu, ka yi tafiyar ƙasa ko keke, ka ga likitan fisiyo ya ba ka atisayen ƙarfafa ciki da ɗuwawu. Shan diclofenac daga kemis kafin atisaye rufe ciwon kawai yake, ga illa ga ciki da ƙoda. Tramadol kuwa, ko kusa.

Koci dole ya sani. Wanda ya ɓoye ciwon mako biyu, sau da yawa da watanni yake biya, kuma kocin ne zai iya rage maka nauyi ba tare da ka rasa gurbin ba.

Amma idan ciwon yana sauka ƙafa har ƙasan gwiwa, ko ƙafar tana mutuwa, ko kana zazzaɓi, je ka Asibitin Ƙashi na Dala. In kuwa fitsari ko bayan gida ya fara kufce maka, ko tsakanin cinyoyinka ya daina jin taɓi, ranar nan za ka tafi, ko da tsakar dare ne.