Amsa: Abokan aiki suna kirana ɗan amshin Shata

Ɗan'uwa, ka tambaya ko laƙabin "ɗan amshin Shata" da abokan aikinka suka sa maka zagi ne, ganin cewa ba ka taɓa musa wa oga ba a wajen taro. Zargi ne, kuma mai nauyi, domin ana nufin ma'aikacin da ba shi da ra'ayin kansa, wanda yake maimaita duk abin da shugaba ya faɗa kamar yadda 'yan amshin marigayi Mamman Shata suke karɓa masa waƙa. Ya fi "yaron oga" zafi, tun da wannan ana iya faɗarsa saboda kusanci kawai.

Biyayya ga na gaba ba aibu ba ce, kuma ba na ba ka shawarar ka riƙa jayayya a gaban jama'a don ka wanke kanka. Inda nake jin tsoro shi ne wajen takarda. Abin da na gani a aikin gwamnati shi ne, ranar da masu binciken kuɗi ko jami'an ICPC, hukumar yaƙi da cin hanci da rashawa, suka zo, wanda ya sa hannu a takardar biyan kuɗi shi ake fara tambaya, kuma cewa "oga ne ya umarce ni" ba ta fitar da kowa. Saboda haka idan umarni bai kwanta maka ba, ka same shi a ofishinsa cikin ladabi, sannan ka rubuta shakkarka a fayil tare da kwanan wata kafin ka sa hannu.