Ƙanina, adakar nan dai ka bar ta a gida

Assalamu alaikum ƙanina, ya su Inna, ya ƙafar Baba. Saƙon muryarka sau uku na saurara, na farkon ina kwance ƙarƙashin wata tirela ba abin da nake ji sai guduma, sai da dare bayan isha'i na samu nutsuwa. Abin da na fahimta dai ka gama bautar ƙasa, aiki shiru, kana so ka taho Kumasi nan Ghana ka yi shekara biyu ka tara na aure, ranar hutu ka riƙa hawa duwatsu irin hotunan da ka ga ina sawa a Facebook, da rani kuma ka shiga daji tunda an ce maka naman daji na tsada a nan, har kana tambaya wai ko adakar Kawu za ta tsallake boda in an kwance ta an naɗe a tabarma. Wallahi da farko dariya na yi, daga baya dariyar ta tsaya.

Adakar nan ka bar ta inda take rataye. Daga Legas zuwa nan boda uku zaka tsallake, Seme, sai Hilakonji tsakanin Benin da Togo, sai Aflao, ko wacce ana sauke kaya ana zazzagewa, banda shingayen kan hanya da ba su ƙirguwa. Kuma ai baka manta Uromi ba, watan Maris na 2025, mafarauta 16 'yan uwanmu suna hanyar komawa Kano yin sallah aka kashe su saboda an ga bindigogin farauta a motarsu, Allah ya jiƙansu, kuma wannan fa a cikin ƙasarsu ne ko boda ɗaya basu tsallaka ba. Abin da mu muke gani kayan gado ne wani yana gani ya ce ga ɗan ta'adda. A nan bindigar harbin tsuntsu ma sai da lasin na 'yan sanda kuma ana sabunta shi duk shekara, ni da na shekara shida ban taɓa ma gwada nema ba.

Takardu kuwa, fasfo da katin rigakafin shawara, yalo kat ɗin nan, kar ka taso babu shi. ECOWAS ta baka kwana 90 ba biza, iyakarta kenan, in ya wuce sai ka je imigireshan ka nemi izinin zama, sannan akwai katin shaida na baƙi da ake biya da dala. Da yawa cikinmu suna sharewa saboda a zango ba mai tambayarka, kana shiga Aboabo ko Asawase ko Sabon Zango zaka rantse kana Fagge, ga koko da ƙosai da safe, ga tuwo, ga kiran sallah ta ko ina, sai dai Hausarsu ce zata baka dariya sati na farko don mace ma "ya zo" ake ce mata. Amma ranar da rigima ta tashi takardar ce kawai zata yi maka magana.

Aiki akwai, ban ce babu ba, amma ba irin wanda ka zana a kai ba. Kwalinka ba wanda zai ce nuna. Shago ko tebur a kasuwa da sunanka ma cire rai, dokarsu ta zuba jari ta 2013 ta keɓe ƙananan saye da sayarwa a kasuwa, talla, kiyos, har da shagon aski ga 'yan ƙasa, kuma da ita ƙungiyar 'yan kasuwarsu GUTA ta riƙe aka yi ta garƙame shagunan 'yan Najeriya, a 2019 a nan Suame a gabanmu aka yi. Abin da ya rage wa baƙo shi ne hannu da ƙarfi: Magazin, unguwar makanikai ta Suame inda nake, walda, gyaran injin, bugun bodi, ko ka bi masu albasa da shanu, ko lodi a kasuwar Kejetia, ko tsire da dare, su cincinga suke ce masa, kuma duk wanda ya tsaya gaban wuta da yaji sunansa aboci ko da farfesa ne. In ka shigo Magazin baka iya komai ba yaron masta zaka zama, kuɗin abinci kawai zai baka kullum, cof moni, kuma Litinin zuwa Asabar ne tun safe har duhu. Mastana na farko wata biyar na yi masa ina jiran ya ce ga albashi, ashe shi a lissafinsa shi ke bina godiya. Wani kuma zai raɗa maka galamse, haƙar zinari ta bayan fage, wai wata uku ka sayi mashin. Ka je ka ga launin ruwan kogin Offin ko Pra tukuna, kamar kunun kanwa, ka kuma tambayi mutum nawa rami ya rufta da su, sojoji kuma in sun zo baƙo suke fara damƙa.

Sai haya, wadda ita ke karya kowa. Doka ta ce kar mai gida ya karɓi sama da na wata shida gaba, amma ka je ka gaya wa landilodi haka, shekara ɗaya ko biyu zai ce ka ajiye a dunƙule ko ka kama gabanka. Wata ukun farko zaka iya raba katifa da ni, daga nan sai mu san yadda za a yi.

Duwatsu kam gaskiyarka, kuma shi ne abu ɗaya cikin ukun da ba sai ka roƙi kowa ba. Ranar Lahadi ka shiga trotro, bas ɗinsu ta haya, zuwa Kuntanase ka gangara Abono, tafkin Bosomtwe kenan, kusan kilomita 30 daga gari, wani rami ne zagayayye da dutse ya faɗo daga sama ya haƙa tun shekara miliyan ɗaya da ta wuce, tsaunuka sun kewaye shi kamar bakin ƙwarya. Masuntansu akan wani faffaɗan katako suke zama suna tuƙi da hannu, padua suke kiransa. Gangarawa daɗi, hawowa ne zaka san Dala wasan yara ne, don ba tsawon ba ne matsalar, zufa ce, iskar kurmi ba ta busar da jiki, rigarka zata jiƙe sharkaf kamar an tsamo ka a rijiya. In ka samu kwana biyu akwai Kwahu, kana isa Nkawkaw a hanyar Ankara, wato Accra, zaka ga dutsen tsaye a kanka, lokacin Ista ake bikin tashi da lema daga saman Odweanoma tun 2005, ni dai kallo na tsaya yi, uwata bata haife ni don in yi shawagi ba. Hoton da ka gani kuwa Afadjato ne can jihar Volta dab da Togo, daga ƙauyen Liati Wote ake hawa da ɗan rakiya, bai kai awa ɗaya da rabi ba amma miƙe yake tsaye ba sassauci, kusa da shi ga ruwan Wli. Sau ɗaya na je a shekara shida, kar hoto ya ruɗe ka.

To yanzu farautar, zauna da kyau.

Mu a gida in kaka ta wuce an buga gangi kowa ya ɗau gora da barandami, karnuka a gaba, daji na Allah ne duk inda zomo ya nufa nan aka nufa. A nan ba dajin da ba shi da mai shi. Na farko gwamnati: daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba an rufe farauta duk shekara don lokacin haihuwar namun ne, gyazbi kaɗai aka yarda, shi da suke kira akrantie, shi ma sai da lasin daga sashen namun daji na Hukumar Gandun Daji. Farautar gayya irin tamu doka ta hana, cinna wa daji wuta don a koro nama ma laifi ne mai zaman kansa, ko da yake can wajen Tamale da rani zaka ga samari cike da mota da karnuka da kulake, amma su 'yan gida ne, in an kama su akwai mai zuwa beli. Gandu irin Mole kuwa kallo ake zuwa, ka biya kuɗi ma'aikaci ya raka ka da ƙafa ka ga giwa ga ta ga ka, ka leƙa tsohon masallacin Larabanga ka dawo. Na biyu kuma, wanda ya fi gwamnatin ido, sarakunan ƙauye da al'adarsu.

Shekarata ta biyu, watan Janairu, hunturu ya ɗan sauko, masta ya rufe gareji ya tafi shirin jana'izar kawunsa, kai Tonawa, wato mutanen Ashanti, da jana'iza sai ka gani da idonka, baƙi da ja, kiɗa, kwana da kwanaki. Wani abokin aikina Batone ya ce in raka shi ƙauyen mahaifiyarsa mu huta. Ranar Alhamis da asuba na yi sallah shi yana ta barci, na ga karen gidan yana kaɗa min wutsiya, jinin ya motsa, na sari wani reshe na yi gora na bi hanyar gona. Na lura fa ba kowa, ba mata da kwanduna, ba ƙarar adda, gonakin koko shiru, ni a wautata na ce yau na yi sa'a. Kare ya tada gyazbi a cikin rogo, muka bi shi har cikin wani duhuwa mai manya-manyan itatuwa bakin wani ɗan rafi, na samu na make shi, ƙato ne wallahi, na durƙusa na yi bismillah na yanka. Ina ɗagowa sai na ga farin ƙyalle ɗaure jikin wata bishiya, ga ɓawon ƙwai a gindinta ga wata 'yar ƙwarya, ga kuma wata tsohuwa can a hanya ta ɗora hannu biyu a ka tana ihu da Twi.

Kafin rana ta take ina tsugune gaban odikro, wato mai garin, shi ba ya maka magana kai tsaye sai ta bakin okyeame mai riƙe da sanda, ni kuma ba na ji sai abokina ya juya min, magana ɗaya sai ta bi baki uku. Laifi biyu: Alhamis ranar Asaase Yaa ce, uwar ƙasa a al'adarsu, ranar da ake barin ƙasar noma ta huta, ba a shiga gona ko daji, sannan duhuwar nan wajen tsafinsu ce ko itacen wuta ba a ɗiba, ni kuma har jini na zubar a ciki. Aka yanka min tara, tunkiya da kwalbar shinaf da kuɗi. Na ce tunkiya da kuɗi na ji, giya kam ni Musulmi ne ba zan saya ba, aka yi shiru, sai kawun abokin nawa ya miƙe ya ce wannan a wuyansa tunda baƙonsa ne. Har yau in na tuna dattijon nan sai na ji kunya, don shi aka yi ta yi wa faɗa ba ni ba. Kusan abin da na tara a wata guda ya tafi, gyazbin ma ban ƙara ganinsa ba.

Batun sayarwa kuma da ka ji, eh yana tsada, ka je Atwemonom cikin gari da sassafe ka ga mazo da gada da gyazbi jere ana babbaka. Amma kasuwar mata ce ta gado, kowace da maharbanta, ita ke ba su bashin harsashi su kuma ita kaɗai suke kawo wa, kai baƙo ka doso da nama a buhu wa zaka ba. Ga kuma zancen yanka, yawanci a mace ake kawo su, shi yasa mutanen zango basu cika kusantar wajen ba. In sha'awar naman ce ke damunka akwai masu kiwon gyazbi a keji, ciyawa da rogo suke ci, wannan sana'a ce da zaka iya koya ka koma da ita gida ba wanda zai tsare ka a boda.

Shekara biyun da ka ce, nima haka na ce wa Inna ranar da ta raka ni tasha. Akwai tsofaffi a masallacinmu da iyayensu suka zo fataucin goro da niyyar damina ɗaya, wasu ma sai da Firaminista Busia ya kori baƙi marasa takarda a 1969 suka ga garin kakanninsu, suka kasa zama suka lallaɓo suka dawo. Abin da ke riƙe mutum ba daɗi ba ne, kullum saura kaɗan ne, saura in biya hayar nan, saura in haɗa na mota, sai kunyar komawa hannu rabbana ta zo ta zauna a kai. In zaka zo, duk abin da ka samu kar ya kwana a MoMo ɗinka, asusun kuɗi na waya, tura a saya maka tunkiya ko buhun masara a ajiye wajen Inna inda hannunka ba zai kai ba, kuma ka tsaida magana da gidan su yarinyar nan da wata takamaimai kafin ka taso, don ni abin da ban yi ba kenan.

Ka bari sai bayan babbar sallah, lokacin masta na yanzu ya ce zai ɗau yaro ɗaya a ɓangaren walda, zan yi masa magana gobe in Allah ya kaimu. Ka taho da takalmi mai kauri, silifas ba ya hawa Bosomtwe, da yajin Inna gwangwani biyu, da kilishi in ka samu na kirki, na nan sun cika masa sukari. Ka gaida Kawu, kar ka ce masa na ba da labarin tunkiyar.