Tambaya da Amsa: Wane mai ya dace da bawul ɗin tuba?

TAMBAYA: Salam Baba, barka da ƙoƙari. Ni ɗan badujala ne a wata sakandare anan Agege, ni ke busa tuba, ƙaton nan da ake runguma. Bawul na biyu (cikin madannan da ake canza sauti dasu) ne ke bani wahala, in na danna sai ya maƙale baya dawowa da wuri musamman in mun daɗe a rana wajen fareti. Abokina yace in zuba man keken ɗinki, wani kuma yace ai kananzir ma yana yi. Naje kasuwar Alaba naga kwalaben mai kala kala na rasa na ɗauka. Dan Allah wanne zan saya?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗana. Kafin komai ka rabu da shawarar abokan nan naka. Man keken ɗinki yayi kauri, fistin ɗin zai ƙara nauyi ne kawai, man gyaɗa da baƙin mai kuwa daskarewa suke su kama ƙura su zama danƙo. Kananzir kam akwai ƙamshin gaskiya a maganar, dan man bawul na gargajiya daga fetur ake tace shi, amma wancan tatacce ne, na gidan mai kuwa ga wari ga datti kuma kai ne zaka yi ta shaƙarsa duk jan numfashi, a'a.

Toh ka fara duba irin bawul ɗinka. In madannai ne uku ko huɗu masu shiga da fita a tsaye, fistin kenan, shi ne a yawancin tuba da 'yan uwanta kayan busa sousaphone da euphonium ɗin da makarantu da Boys' Brigade ke fareti dasu a Legas. Mansa iri biyu ne, na fetur irin Al Cass da Blue Juice, sai haɗin kamfani wato sintetik irin Hetman, Ultra-Pure da na Yamaha. Na fetur yafi araha kuma yana ɗan wanke datti, sai dai saurin bushewa gareshi, ga zafin garin nan ga fistin ɗin tuba ƙato, kafin a gama fareti ya ƙafe. Ni dai a Legas sintetik nake cewa a saya, yafi jimawa.

Amma abinda mutane basa lura dashi shine kauri, ba tsada ba. Sabon kaya da fistin ke zaune cif a gidansa siririn mai yake so. Tsoho wanda ya sha hannu, irin kayan makaranta da aka gada tun na yayye, ya riga ya ci, akwai 'yar rata, sai mai ɗan kauri ya cike ta, kamar dai tsohuwar motar haya ta danfo da bakanike ke zuba mata mai mai nauyi. Shiyasa Hetman suka yi lamba 1 siriri, 2 matsakaici, 3 na tsofaffin bawul, Yamaha ma suna da Light, Regular da Vintage. Ga gwaji mai sauƙi: ka zaro bututun bawul ɗin kaɗan ba tare da ka danna ba, sannan ka danna, in kaji "fop" da ƙarfi toh yana riƙe iska, mai lamba 2 ya isheka, in shiru kaji ko ɗan huci, nemi lamba 3.

Kuma tunda bawul ɗaya ne kawai ke damunka ina zargin datti ne ma ba mai ba. Kwance murfin sama, zaro fistin, cire auduga-audugan nan na wuyansa kar su jiƙe, wanke shi da ruwa mai ɗumi da sabulun wanke-wanke (banda tafasasshe, yana ɓata fentin jiki), goge cikin gidan da ƙyalle mara gashi, ɗiga mai kaɗan ka maida shi daidai layinsa. Ɗai-ɗai zaka yi kar su cakuɗe, duk da akwai lamba a jiki. Kar ka zuba sabon mai akan tsohon da baka san irinsa ba, wani haɗin yana yin kitse. Da hunturu ƙura, da damina laima da iskar teku, dan haka a riƙa zubar da ruwan ciki bayan kowane busa. In an yi duk wannan bai saki ba toh gidan ya lotsa ko sandar ta lanƙwashe, sai mai gyara, kar ka kuskura ka goga masa sanfefa.

TAMBAYA: Baba ni daga Obalende, tubar ƙungiyarmu mai faifan dannawa ce irin ta Jamus, man fistin zai yi mata?

AMSA: Wannan bawul mai juyawa ne, mai biyu yake ci. Siriri ta cikin bututu ya gangara kan abin juyin, mai ɗan kauri a ƙarƙashin murfin baya da gaɓoɓin ƙarfen. Bututun saita murya kuma giris nasa daban, a shafa kaɗan dan in yayi yawa man zai narkar dashi ya kaishi cikin bawul. Kuma kar ku kwance shi da kanku, ba kamar fistin bane, sai da ɗan guduma na musamman ake fiddo shi.