Filin Tambayoyinku: Abincin Ƙuda da Kifin Baba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce a Argungu, mahaifinmu yana wajena, ya haura shekara 70. Ƙanena da ke jami'a ya zo hutu ya ce masana sun gwada a kan ƙudaje, sun ga wanda aka rage wa abinci mai gina jiki ya fi tsawon kwana. Yanzu ya dage sai mun daina ba Baba kifi da nama, ya tsaya a kan tuwo da kunu. Baba kuwa masunci ne tun ƙuruciya, in babu kifi ba ya jin ya ci abinci. Malam, ina gaskiyar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya saka miki da alheri kan ɗawainiyarsa. Abin da ƙanenki ya karanta gaskiya ne, amma kada ki taɓa kifin Baba.

Ƙudan da ake magana ba wannan mai bin nama a mahauta ba ne. Ki bar ɓawon mangwaro a faranti ya kwana biyu, za ki ga wasu 'yan mitsi-mitsi sun yi masa caa, jikinsu ruwan ƙasa, idonsu jawur, girmansu kamar ƙwayar riɗi. Masana suna kiran sa Drosophila. An fi shekara 100 ana nazari a kansa, tun zamanin Thomas Hunt Morgan na Amurka, wanda aikinsa a kan wannan ƙuda ya jawo masa kyautar Nobel a 1933. Suna son sa ne don rayuwarsa ba ta cika wuce wata biyu zuwa uku ba, ga shi kusan kashi 75 cikin 100 na ƙwayoyin gadon da aka san suna jawo wa mutum cuta, akwai makamantansu a jikinsa.

Aikin na haƙuri ne. Ana zuba ƙudajen cikin 'yan kwalabe, a toshe baki da auduga, a ƙasa kuma akwai abincinsu, wato sukari da yis irin na burodi da aka dafa ya daskare. Duk bayan kwana biyu ko uku a juye su cikin sabuwar kwalba, a ƙirga waɗanda suka mutu, a rubuta, haka har na ƙarshe ya faɗi. Da aka tsinka abincin, sai aka ga sun fi daɗewa. A 2005 Linda Partridge da abokan aikinta a Landan suka nuna cewa rage yis, wanda shi ne furotin ɗin ƙuda, wato abincinsa mai gina jiki, ya fi rage sukari tasiri nesa ba kusa ba. Nan ne ƙanenki ya samo maganarsa.

Sai dai da sauran labari. A 2008 wasu masana a Ostareliya sun haɗa abinci iri 28 suka ba ƙudaje mata. Wadda ta fi kowa tsawon rai ita ce mai cin furotin kashi 1 a kan sukari kashi 16. Wadda ta fi saurin saka ƙwai kuwa, 1 ne a kan 2, amma ba ta jima. Da aka bar su su zaɓa da kansu, sai suka riƙa cin 1 a kan 4, daidai ma'aunin da yake ba su ƙwai mafi yawa a tsawon rayuwa. Ke nan ita mai tsawon ran ba a banza ta same shi ba, da haihuwa ta biya. Kuma in aka wuce gona da iri wajen tsinka abincin, mutuwa suke yi da wuri, don wannan yunwa ce.

Gwajin da ya fi taɓa ni shi ne na 2003. An ɗauki ƙudajen da suka saba cin mai kauri aka mayar da su kan mai ruwa, cikin kwana biyu kacal haɗarin mutuwarsu ya sauko daidai da na waɗanda aka rene su a kan mai ruwan tun farko. Ajali na Allah ne, amma dubi yadda ya gina jiki yana amsa abin da aka ba shi yau, ba na bara kaɗai ba.

To mu dawo kan Baba. Waɗancan ƙudaje suna ɗaki mai daidaitaccen zafi, ba sa noma, ba sa zazzaɓin cizon sauro. Ko a birai ma maganar ba ta fito fes ba: bincike biyu aka yi a Amurka, na 2009 ya ga amfanin rage abinci, na 2012 bai ga ƙarin kwana ba. A mutane kuwa, wani nazari na 2014 ya nuna cewa waɗanda suka haura shekara 65, masu cin furotin sosai sun fi masu cin kaɗan tsira. Tsoka tana zaizayewa da tsufa. In ta tafi sai tsoho ya kasa tashi daga tabarma ba tare da dafa bango ba, daga nan sai faɗuwa, sai karaya, sai kwanciya. Shi ya sa ƙwararru suke ba da shawarar tsoho ya samu giram 1 zuwa 1.2 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa kullum, fiye da 0.8 da ake faɗa wa sauran manya.

Kuma ki duba kwanonmu a nan Kebbi: tuwon shinkafa, tuwon dawa, kunu, fura. Mu dama sitaci ne ya cika mana ciki. Shawarar rage nama ta fi dacewa da mai cin sa safe, rana da dare. Mu da ake kai yaranmu asibiti saboda tamowa, abin yana min ciwo in ji gida yana da kifi a kogi amma ana shirin hana tsoho. Ki ci gaba da ba shi kifinsa, ki haɗa da wake, ƙosai, nono da miyar ganye. In akwai abin ragewa, sukarin shayi ne da lemon kwalba. In yana da ciwon ƙoda ne kawai maganar ta sauya, a nan likita ne zai yanke masa ma'auni. Ki kuma gaishe min da ƙanenki, ki ce masa ya ci gaba da karatun, ya karanta gwajin 2008 ɗin nan har ƙarshe.

Tambaya: Malam, ina sayar da tumatur a kasuwar Jega. Waɗannan ƙananan ƙudaje daga cikin tumatur ɗin suke fitowa?

Amsa: A'a, ɗan'uwa, daga waje suke zuwa, warin ruɓa ne yake kiran su. Macen tana saka ƙwai a inda tumatur ya fashe, tsutsa ta fito ta ci yis ɗin da ke tsirowa a wurin, cikin kamar kwana 10 ta zama ƙuda. Ka riƙa ware fasassun kowace yamma, ka kai ruɓaɓɓun nesa da rumfa ka binne, ka kuma wanke kwando ka shanya a rana kafin ka zuba sabon kaya.