Lambar injin Beetle ɗina ta saɓa da takarda, in bari a sake bugawa?

Tambaya: Injiniya, Allah ya ƙara basira. Ina Agege, na gaji Beetle a wurin mahaifina, irin wadda Yarbawa ke kira Ijapa. Lambar shasi ta fara da 118. A takarda lambar inji ta fara da F, amma da na goge maiƙon jikin injin sai na ga AD, ga kuma X a ƙarshe. A giyabos an rubuta AB. Sau biyu ana tare ni a hanya kan wannan saɓani, har na daina fita da ita. Wani bakanike ya ce zai goge lambar ya buga ta takarda a wuni ɗaya. Sannan in na hau gadar Third Mainland injin yana ihu kamar giya ta ƙare. Hankalina ya tashi, kada a ce motar sata nake ja.

Amsa: Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Kwantar da hankalinka ƙanena, abin da ka karanto mini tarihin mota ne mai tsabta, kuma zai zauna da tsabtarsa muddin ba ka bar mutumin nan ya kusance ta da fancin buga lamba da guduma ba.

Lambar shasi, wadda ke ƙarƙashin kujerar baya a kan doron tsakiya, 11 na nufin Beetle mai rufi, 8 kuma samfurin 1968. Ka tuna shekarar samfuri a Volkswagen daga Agusta take farawa, don haka tana iya zama ƙirar ƙarshen 1967. Ke nan ta girmi masana'antar Volkswagen ta Ojo a Legas, wadda ta fara haɗa motoci a 1975. Shigo da ita aka yi. F ɗin takarda ya dace da ita sarai: inji 1300 ne mai ƙofar shan mai guda a kowane kan silinda, ƙarfin doki 40. AD kuwa 1600 ne mai ƙofa biyu, doki 50, na tsakanin 1971 da 1973. X ɗin ƙarshe alamar injin musaya ne, wanda kamfani ya karɓa ya sabunta ya sake sayarwa. Wato wata rana injin asali ya gaji, Baba ya sa wanda ya fi shi ƙarfi, bai je ya gyara takarda ba. Rabin Beetle ɗin da ke shigowa garejina haka suke.

Sai dai haruffan nan bulo, wato gangar jikin injin, kawai suke ba wa shaida, ba su san abin da ke cikinsa yau ba. 1300 da 1500 da 1600 duk tafiyar fistin ɗinsu ɗaya ce, milimita 69, faɗin silinda ne ya raba su: 77, 83, da 85.5. Inji mai shekara hamsin ya sha hannu, in kana son gaskiyar girmansa sai an cire kai an auna. Masu motocin Ojo da Igala, wato Volkswagen Brasilia, kuma su kula, injinan Brazil jerin haruffansu daban ne, kada a karanta su da ma'aunin Jamus.

Yanzu ga maganar da ta sa na ajiye shayina. Wannan "gyaran lamba" kusan kullum sai na ji shi, daga kasuwar kayan mota ta Ladipo har Agege, kuma masu faɗarsa da ƙarfin hali suke faɗa kamar sun kawo mafita. Ka tsaya ka duba inda kake yau. Kana da inji mai lambarsa ta kamfani, ba a taɓa ta ba, sai takarda da ta tsufa. Wannan matsalar ofis ce, biro ke kashe ta. Ranar da aka sa gireda a wurin, ka koma mutumin da ke ja da inji mai gogaggiyar lamba, kuma duk duniya aikin ɓarayin mota ke nan. Da bakinka za ka yi ta rantsuwa cewa gado ne, ƙarfen kuma yana ba da shaida a kanka.

Kuma ba ya ɓoyuwa. Wurin lambar ɗan fili ne a ƙarƙashin ƙafar dainamo, kamfani ya bar shi da irin fuskarsa. In an goge, yatsa ma yana jin kwarin. Haruffan kamfani a jere suke, zurfinsu ɗaya, na bakin titi kuwa wani ya leƙa sama wani ya sunkuya, 6 ɗin ma wani lokaci 9 ce aka juya. Ko an iya bugun, ƙarfen da ke ƙarƙashin tsohuwar lamba ya riga ya danne, masu bincike suna shafa sinadari ta sake fitowa kamar fatalwa. An taɓa jawo mini wata, mai ita dattijo ne kamili, an buga masa lamba a kan lamba har ana hango ƙafar tsohon harafi a ƙasan sabo. Watanni ya yi yana zarya kafin motar ta dawo hannunsa, wanda ya yi bugun kuwa ya tashi daga rumfarsa, ba a san inda ya koma ba.

Akwai abin da ya fi wannan tsoratar da ni. Bulon Beetle ba baƙin ƙarfe ba ne, haɗin magniziyam ne. Garinsa in ya haɗu da tartsatsi kamawa yake, da farar wuta mai kashe ido, kuma in ka watsa ruwa ƙara mata ƙarfi ka yi. Wasu har cewa suke za su cike wurin da walda su daidaita. A ina? Tazarar hannu ɗaya daga famfon fetur da kafireta, a rumfar da galan ɗin mai ke ajiye a gefe. Ga shi wurin bai da nisa da inda ɓarin bulo biyu suka haɗu, duka da guduma a kan ƙarfe mai taushi da ya tsufa yana iya jawo tsaga, tsagar kuma sai ta fara zubar da baƙin mai za ka san da ita. Inji ne da lita biyu da rabi kacal yake ɗauka, iska da man nan su ke sanyaya shi. Na san abin da ke tura mutane wurin 'yan fanci: layin ofis, je ka dawo gobe, da 'yan kamasho da ke tare ka tun daga bakin ƙofa. Ni ma abin yana ci mini rai. Amma wanda ya guji zaryar sati biyu ya ɗauko ta shekara, wa ya cuta? Mu ji tsoron Allah, masu sana'a. Mutum ya kawo maka amanar abin da ubansa ya bari, ka karɓi kuɗinsa ka mayar da shi abin tuhuma.

Abin yi shi ne ka binciki kayan Baba ko rasit ɗin injin yana nan. In babu, ka yi takardar rantsuwa a kotu cewa an canja inji, ka rubuta tsohuwar lamba da sabuwa harafi da harafi, ka haɗa da shaidar gado da rahoton 'yan sanda, ka kai ofishin lasisin mota da ƙafarka a sabunta takardun. Ɗauki hoton lambobin biyu ka ajiye.

Giyabos kuma, AB na 1300 ne, mai aksil irin na da, rabon giyarsa 4.375, wato haƙora 35 a kan 8. Da alama nata ne na asali. Wanda ya fi dacewa da 1600 a irin aksil ɗinta shi ne AC na 1500, mai 4.125. Amma bambancin kusan kashi 6 ne cikin ɗari, juyin inji ɗari biyu a minti ko ƙasa da haka a gudun kilomita 100. Ni dai ba zan sauke giyabos mai lafiya don wannan ba, balle a Legas inda rabin rayuwar mota a giya ɗaya da biyu take ƙarewa, gajeren rabo ma sauƙi yake wa kuloci. Kada kuma a sayar maka da AH ko AT, na masu aksil mai gaɓa biyu ne, ba za su zauna ba sai an yi wa shasi aiki. Kafin ka zargi giya, duba taya. Ƙafarta inci 15 ce, in an sa mata ƙanana ko masu gajeren gefe, juyin inji zai hau. Duba salansa, duba robar da ke zagaye injin, sannan a saita bawul a milimita 0.15 inji na sanyi. In ihun bai ragu ba, turo mini lambar da ke jikin tayar.