Wa Ya Fi Cancanta da Riƙon Jikokina?

Tambaya: Anti, 'yata ta rasu ta bar yara biyu, ubansu yana Legas neman kuɗi. Baffansu na son tura su almajiranci. Ƙaramin, ɗan shekara huɗu, ba ya barci sai ya riƙe bakin zanena. Ina da ta cewa?
Wata kaka, daga ƙauye kusa da Ringim

Amsa: Allah ya jiƙanta, Iya. Kina da ita ƙwarai. A Malikiyya, bayan uwa, kakar wajen uwa ce ke gaba a riƙo, ciyarwa kuma na wuyan uba. Kada ki fara da kotu. Ki sami liman da mai unguwa, a zauna a zauren dagaci, a rubuta wanda zai riƙa kawo hatsi. In baffan ya ƙi, alƙali na nan, kuma Jigawa na da dokar kare yara tun 2021. Ƙaramin nan kam, kada ki sake shi.